"BABU MATIRIYAL": YADDA SUNA KE ƁOYE LITTAFI

Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai ya samu waifai. Amma in kana aji uku ko aji huɗu, kuma ka taɓa tsayawa gaban malaminka ka ce "Malam wallahi babu matiriyal", to ka daure ka kai ƙarshe, da kai nake.

Waɗanda suka san ni sun san kimiyyar laburare nake karantawa. Ba ita na nema ba, lauya na so zama. Ranar da sunana ya fito a wannan sashe sai da na shige ɗaki na rufe ƙofa. A majalisarmu ta nan Bagadaza kuwa babu irin tsiyar da ban sha ba. Wannan ya ce mai gadin littattafai, wancan ya ce shekara huɗu zan yi ina koyon kakkaɓe ƙura da ce wa mutane "shiii". Ina taya su dariya, amma abin yana ci na a rai, don ni kaina ban san amsar da zan ba su ba. Kwas ɗin da na fi tsana shi ne na katalog, musamman ɓangaren kanun maudu'i, wato kalmomin da ake zaɓa a liƙa wa littafi don a nuna a kan me yake magana. Haddar handawut na yi, na juye a jarrabawa, na samu C, na manta da shi.

Wanda ya sa na koma na koyi abin da gaske wani abokina ne, maƙwabcinmu, tare muka yi firamare. Tarihi yake karantawa, kuma furojek ɗinsa a kan yaƙin Burmi ne. Ga wanda bai sani ba, ko ya sani ya manta: bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas da niyyar hijira. A Burmi, kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye ta yau, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. A nan ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, a ɓangaren Turawa kuma aka kashe Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. Kun ga ai abu ne da ya faru a jiharmu, tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba daga gidanmu.

Wani dare bayan isha'i na tarar da shi a dakalin ƙofar gidansu ya zabga tagumi. Malamin da ke duba aikinsa ya ba shi sati biyu: ko ya kawo littattafai goma na kirki, ko ya canza maudu'i. Canza maudu'i a tsakiyar zango na biyu kuwa kun san ma'anarsa, ƙarin shekara ne. Mahaifinsa awo yake yi a Tudun Hatsi, da kyar ake haɗa kuɗin rajista, ga ƙanne biyu suna jiran ya gama a soma da su. Ya ce mini ya je laburare ya buga "Mbormi" a kwamfutar neman littafi, ko ɗaya bai fito ba. A Google kuma gajerun labarai ne masu kwafar juna, malamin ya ce kada ya kuskura ya kawo masa su. Sai ya dube ni ya ce, "Kai da kake karatun gadin littattafai, ba ka da wata dabara?" Ba da wasa ya faɗa ba wannan karon.

A lokacin ina SIWES a wani laburare, an tura ni ɗakin katalog wajen wani dattijo da ya kusa ritaya, kowa Baba yake ce masa. Washegari na ja abokina muka je. Baba ya saurare shi har ya gama, bai ko ɗago daga katin da yake rubutu ba. Sannan ya ce, "Ɗana, da wane suna ka yi sallama da shi?"

Abokina ya ce bai gane ba.

Baba ya ce, "In ka je ƙofar gida ka yi sallama da mutum da sunan da ke kan takardar makarantarsa, alhali a gidan Abba ake ce masa saboda sunan kakansa ya ci, me yara za su ce maka? Za su ce babu mai wannan suna a nan. Shi kuwa yana ɗaki yana shan fura."

Sai ya miƙe ya nufi tsohon akwatin katunan nan na katako, wanda ɗalibai suka mayar wurin ɗora jaka. Abin da ya koya mana a tsaye a gaban durowar nan cikin awa guda, shi ne abin da na haddace a handawut ban fahimta ba. Bari in jero muku yadda na riƙe shi.

Na farko, sunan littafi daban, abin da ke cikinsa daban. Baba ya zaro katin wani littafi na D. J. M. Muffett da aka buga a 1964, mai suna Concerning Brave Captains. Wa zai ga wannan suna ya yi zaton labarin cin Kano da Sakkwato ne da abin da ya faru a Burmi? Ya zaro na Victor Low, Three Nigerian Emirates, na 1972. Masarautun uku su ne Gombe da Katagum da Haɗeja, amma babu kalmar Gombe a bangon. Wanda ya dogara da sunan littafi kaɗai zai wuce su duka biyu. Aikin mai katalog shi ne ya buɗe littafin, ya duba gabatarwa da jerin babi-babi, ya tambayi kansa a kan me ainihin littafin nan yake magana, sannan ya rubuta amsar a saman kati. Wannan amsar ita ce kan maudu'i.

Na biyu, abu ɗaya suna ɗaya. Garin da abokina ke nema wasu sun rubuta shi Burmi, wasu Bormi, wasu Mbormi. Shehu Usmanu kansa, wani marubuci ya ce Usman dan Fodio, wani Uthman ibn Fudi, mu a Hausa mu rubuta Ɗanfodiyo. Fulani a bakinsu Fulɓe ne, a Faransanci Peul, a Sudan Fellata. In aka bar kowane littafi da sunan da marubucinsa ya ga dama, littattafai goma a kan abu guda za su watse a durowa goma. Don haka sai a zaɓi suna ɗaya a tara su duka a ƙarƙashinsa, sauran sunayen kuma a yi wa kowanne katin "duba". Ka je wajen Fulɓe, kati ya ce maka duba wuri kaza. Baba ya ce katin "duba" shi ne yaron kirkin da zai ce maka, "Au, Abba kake nufi? Bari in kira shi."

Na uku, a sa littafi a ƙarƙashin sunan da ya yi daidai da shi, kada a sa shi a wanda ya fi shi faɗi. Littafi a kan gero a sa shi a "Gero", kada a jefa shi cikin "Noma" inda zai nutse tsakanin auduga da kiwon kaji. Wannan ƙa'ida wani ma'aikacin laburare a Boston ta Amurka, Charles Cutter, ya shimfiɗa ta tun 1876, kuma har gobe da ita ake aiki. Sai dai akwai tarko a ciki, kuma shi ya kama abokina. Ana ba da kai ne don littafi gaba ɗayansa. A ƙa'idar laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wadda yawancin jami'o'inmu ke bi, sai maudu'i ya ci aƙalla kashi 20 cikin ɗari na littafi kafin a ba shi kai nasa. To in Burmi babi ɗaya ce cikin babi goma sha biyu, ba za ka ga sunanta a kati ba. Dole ka hau tsani: daga Burmi zuwa Attahiru, daga Attahiru zuwa daular Sakkwato, daga nan zuwa mamayar Turawa a Arewa, ka leƙa gefe wajen Mahadiyanci saboda alaƙar garin da Malam Jibrilla Gaini. Kowane littafi ka samu a matakalar nan, ka juya bayansa ka duba fihirisa, ka nemi garin da rubutunsa duka uku. Ta haka muka samo littafin R. A. Adeleye na 1971 a kan mulki da diflomasiyya a Arewacin Najeriya daga 1804 zuwa 1906.

Na huɗu, wuri yana canza suna da uban gida. Jihar Gombe sai ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka ƙirƙire ta. Kafin nan muna jihar Bauchi tun 1976, kafin nan jihar Arewa maso Gabas tun 1967, zamanin Turawa kuma muna lardin Bauchi. Duk abin da aka rubuta a kanmu a waɗancan shekaru, akwai yiwuwar a ƙarƙashin Bauchi yake kwance. Baba ya ce ko rumbun adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka je, fayil ɗin lardin Bauchi za ka nema. Abokina ya dafe kai, don ko sau ɗaya bai taɓa buga Bauchi ba.

Na biyar shi ya fi yi mini zafi. Na tambayi Baba me ya sa ba za mu rubuta kati mu sa "Yaƙin Burmi" kawai ba, tunda abin namu ne. Ya ce ba a ƙirƙirar kai a kan iska, sai akwai littafin da ya tsaya a kan maudu'in. Wani Bature, Wyndham Hulme, ya yi bayanin wannan tun 1911: rubutun da ke ƙasa shi ke ba da izinin buɗe kai. Ya ce, "A kantarmu babu littafi ko ɗaya da ya tsaya a kan Burmi kaɗai. Ranar da ɗayanku ya rubuta, da hannuna zan yi masa kati in ban riga na yi ritaya ba." Ya nuna abokina da bakin biro.

Kafin la'asar mun fita da littattafai bakwai da kundin digiri biyu na waɗanda suka gabace shi. Cikin kwana huɗu ya cika goman har da ɗoriya. Duk suna nan a ginin da ya shiga ya fito ya ce babu komai.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce ku dinga girmama masu katalog, in yi sallama. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Katunan daular Sakkwato da muka yi ta zarowa, a samansu "Fulani Empire" aka rubuta. Mu a nan wa ke kiranta haka? Fulani kuma "Fula" aka zaɓa musu. Abokan karatunmu Tera suna kiran kansu Nyimatli, amma da sunan da wasu suka ba su ake nemansu. Na tambayi Baba wa ya zaɓi waɗannan sunaye. Ya nuna mini jajayen littattafan nan manya-manya da ke kan teburinsa: jerin kanun maudu'i na laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda aka soma tarawa tun 1898 a Washington. Ƙananan laburare kuma suna bin jerin Sears, wanda ya fara fitowa a 1923, shi ma daga can.

Cutter ya ce a zaɓi sunan da mai karatu zai fi nema, a fifita sauƙinsa a kan sauƙin mai katalog. Magana mai kyau. To amma wane mai karatu? Wanda suke hange a ransu mutumin Boston ne ko Washington, ba ɗan Bagadaza ba. Shi ya sa aka daɗe ana shigar da littattafan Musulunci a ƙarƙashin "Mohammedanism" kafin a gyara a koma "Islam". Ko a lambobin Dewey da ake jera littattafai da su a kanta, wanda shi ma a 1876 ya fito, daga 220 zuwa 280 Baibul ne da Kiristanci, Musulunci gaba ɗayansa 297. Wannan ba laifin abokanmu Kirista ba ne, su ma in suka nemi tarihin coci-cocin Tangale ko Waja da sunayen da suka sani a gida irin wahalar za su sha. Mutumin ya tsara littattafan da ke gabansa ne, mu kuma muka ɗauko tsarin yadda yake.

Da na bincika sai na ga ba ni na fara jin haushin nan ba. Wani Ba'amurke, Sanford Berman, ya yi aiki a laburaren Jami'ar Zambiya a ƙarshen shekarun 1960. Abokan aikinsa baƙar fata suka nuna masa kalmar "Kafirs" a cikin jerin, kalmar da a kudancin Afirka zagi ce ta ƙin jinin baƙar fata. Daga nan ya bi jerin yana tsamo ire-irenta, ya fitar da littafi a 1971, kuma sannu a hankali an gyara da dama daga cikin abin da ya nuna. A 2014 ma ɗalibai irinmu a kwalejin Dartmouth suka tashi a kan sunan da ake shigar da baƙin haure da shi, wanda ke nuna kamar mutumin ne kansa haramtacce. Maganar ta kai har zauren majalisar Amurka, kuma sai a 2021 aka canza. Shekara bakwai a kan kalma biyu.

Na koma wajen Baba da zafina, na ce mu watsar da jajayen littattafan nan mu yi namu da Hausa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce in kowane laburare ya raɗa nasa sunaye, ɗalibin Gombe ba zai iya neman littafi a katalog ɗin Zariya ba, balle na Landan. Ya ce suna ɗaya da kowa ya sani, ko da bai yi maka daɗi ba, shi ke haɗa ka da littattafan duniya, kuma akwai hanyar da laburare ke bi su aika da shawarar sabon kai ko gyaran tsoho, ana ce mata SACO. Sannan ya ce, "Kai da kake Bagadaza, ka san a Bagadaza ta asali, ta Iraƙi, wani mai sayar da littattafai, Ibn al-Nadim, ya tsara Fihrist a shekara ta 377 bayan hijira, wajen 987 ke nan? Kashi goma ya raba ilimin zamaninsa, kowane kashi da fannoninsa. Aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma je ka gwada naka, ka dawo ka ba ni labari."

Na kuwa samu inda zan gwada. Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar littattafai a akwatunan ƙarfe uku a zaure. Shekara shida babu mai buɗewa sai gara, damina ɗaya ma ruwa ya shiga ɗaya daga ciki. Baffa ya ce maimakon a raba su kowa ya kai nasa ɗaki su ruɓe, a yi waƙafinsu ga Islamiyyar unguwa. Da hutu ya zo na ce ni zan tsara. Na ƙirga 187, na Larabci da ajami da boko, har da 'yan na Turanci. Na sayi babban littafin rubutu mai bangon kwali, na raba shi daga A zuwa Z, na ce yau zan nuna wa Washington yadda ake yi.

Kwana biyu ban yi ba na fara zufa. Na rubuta "Fari" don wata ƙasida a kan shekarun ƙarancin ruwa, sai na tuna fari launi ne, fari jam'in fara ne, ga kuma farin da 'yan mata ke yi da ido. Na rubuta "Sallah", sai na tsaya: ta farilla ko ta rago? "Daular Usmaniyya", ta Shehu ko ta Turkiyya? Ashe shi ya sa masu katalog ke ƙara ɗan bayani a gefen kalma mai ma'ana biyu. Ga rikicin ƙugiya: kwari na zaizayar ƙasa da ke cin gidaje a garin nan, da kwari na kibiya, da ƙwari masu cin amfanin gona. Wanda ya buga a waya ba tare da ƙugiya ba, duk abu ɗaya ya rubuta. Alƙur'ani a A zan sa shi ko a Ƙ? Littafin da duk almajiri ya sani da Askari, a bangonsa Irshadus Salik na Ibn Askar ne. Wanne ne suna, wanne ne "duba"? Kowane shafi sai na yanke hukunci, kuma kowane hukunci akwai wanda zai bari a waje.

Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, sai na karkata ga Larabci don ya fi kama da na masu ilimi. Na sa Ɗahara maimakon tsarki, Mirasi maimakon gado, Idda, Haila, Buyu'u. Na gama, na kai Islamiyya, Baffa ya sa mini albarka, na yi ta ɗaukar hoto.

Bayan kamar wata guda aka yi rasuwa a layinmu, magidanci ya bar mata da yara ƙanana. Matar ta aiko wajen Addata, wadda ke koyarwa a ajin matan aure, tana tambaya a kan zaman da za ta yi: za ta iya fita asibiti da yaro, me za ta sa, me za ta bari. Adda ba ta son ba da amsa da ka, sai ta je ta buɗe littafina ta duba harafin T, tana neman "Takaba". Babu. Ta duba M ko za ta ga mutuwar miji. Babu. Ta aika wa matar cewa ta yi haƙuri sai malam ya dawo daga tafiya. Kwana uku baiwar Allah nan tana zaune cikin ruɗu, wannan tsohuwa ta ce kaza haramun ne, waccan ta ce ba haka ba, har ranar komawa asibitin yaron ta wuce.

Da Adda ta gaya mini, na ce, "Haba Adda, ai yana nan a Idda, kuma akwai babinsa a cikin Risala."

Ta dube ni ta ce, "Wace mace ka taɓa ji a unguwar nan ta ce tana iddar mutuwa? Idda ta saki muka sani. Wa ka rubuta wa littafin nan, mu ko malaman jami'arku?"

Wallahi ban iya ce mata komai ba. Abin da na yi wata biyu ina zagin mutanen Washington a kai, shi na yi wa matan layinmu, ni da aka haifa a cikinsu. Na hango mai karatu a raina, sai na hango irina. Adda ta ƙara mini da wani abin da ban taɓa tunani ba. Ta ce yarinya budurwa ba za ta iya tambayar malami namiji ina littafin jinin al'ada yake ba, kunya ba za ta bar ta ba. In ba ta same shi da kanta a shafin da take zato ba, ta haƙura ke nan.

Na karɓo littafin na sake shi daga farko, wannan karon ni da Adda da ɗalibanta biyu. Duk maudu'in da muka zo, sai in tambaye su, "In kuna neman wannan me za ku ce?" Abin da suka faɗa shi ya zama kai, na Larabcin ya koma "duba". Takaba, Gado, Tsarki, Jinin al'ada, Ciniki, Wankan gawa. Na yi watsi da dokar kashi 20, domin a tarin da bai kai littafi 200 ba, babi ɗaya a cikin Risala ko Iziyya yana iya zama shi ne duk abin da muke da shi a kan mas'ala, don haka babi-babi muka bi muna nuna shafi. Amma ban watsar da maganar Baba ba. A gefen kowane kai na ja layi na rubuta takwaransa na Larabci da wanda ke cikin jajayen littattafan, saboda ranar da za a shigar da su kwamfuta su iya haɗuwa da na sauran wurare. Da na kai masa ya jujjuya shafukan, ya ce, "Yanzu ka ci kwas ɗin." C ɗina dai tana nan a takarda ba ta canza ba.

To 'yan uwa masu furojek, ga abin da zan bar muku, kyauta:

1. Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta duk sunayen da abin da kake nema yake da su: na Hausa, na Turanci, na Larabci, na yaren masu abin, tsohon rubutu da sabo, da ƙugiya da babu ƙugiya.

2. In ka samu littafi ɗaya tak da ya dace, kada ka tsaya a kansa. Duba bayanansa a katalog, ka ga kanun maudu'in da aka ba shi, ka bi su. 'Yan uwansa suna can.

3. In ba ka samu a ƙasa ba, hau mataki ɗaya sama, sannan ka duba fihirisar bayan littafi.

4. In aikinka ya shafi wuri, tambayi sunan da yake ɗauke da shi da lardin da yake ciki a shekarun da kake bincike. Mutanen Jigawa ku duba Kano, na Yobe ku duba Borno, na Zamfara da Kebbi ku duba Sakkwato.

5. Ku shiga ɗakin katalog ku gaida dattawan da ke ciki. Da yawansu sun kusa tafiya, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kwamfuta.

6. Ranar da za ka rubuta muhimman kalmomi a ƙasan taƙaitaccen bayanin kundinka, kada ka cika su don cika ƙa'ida kawai. Tuna da ƙaninka da zai zo nema bayan shekara goma, ka sa sunan da zai yi sallama da shi. Abokina a nasa ya sa Burmi da Bormi da Mbormi duka.

Ya kare kundinsa lafiya, yanzu yana jiran tafiya bautar ƙasa. Har yau mai gadin littattafai yake ce mini, sai dai ya saya mini balangu na dubu biyu, na yafe. Baba ya yi ritaya a watan da ya wuce, kuma katin da ya yi alkawari ba a rubuta shi ba tukuna, don kundin digiri na farko bai zama littafi ba. Na gaya wa abokina bashi ne a wuyansa.

Ina da roƙo ɗaya. Ina tara sunayen da mutanenmu ke kiran abubuwa da su waɗanda suka saɓa da na cikin littattafai: cututtuka, tsirrai, garuruwa, sana'o'i, mas'alolin addini, da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Bolanci ko duk yaren da kuke yi a gida. Wanda ya san wani ya rubuto mini, ya faɗi garin da ake faɗin haka. Allah Ya ba masu furojek sa'a, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya.